GARAHUNI: TARIHIN TSIRON DANGA DA YA ZAGA DUNIYA

Gabatarwa

Idan damina ta kankama a garinmu, dangar karan da aka kafa tun kaka takan ɓace wa ido, domin yaɗo ya rufe ta ruf. A jikinta akan ga duma da soso, a ƙarƙashinta kabewa tana jan ciki, sa'an nan a tsakaninsu akwai wani siririn tsiro mai tsagaggen ganye, wanda babu wanda ya shuka shi, babu kuma mai yi masa noma. Wannan shi ne garahuni, wasu su ce garafuni. Da yawa daga cikinmu da muka share shekaru a Kano, Kaduna, Legas ko Abuja mun manta da kamanninsa. 'Ya'yanmu da aka haifa a birni kuwa ko sunan ba su taɓa ji ba. Wanda ma ya tuna da shi, ɗacinsa kawai yake tunawa.

Amma wannan tsiro da muke yi wa kallon ciyawa yana da dogon tarihi. An zana hotonsa a rufin gidan wani attajiri a birnin Roma shekaru 500 da suka wuce, wani tsohon shugaban Amurka ya shuka shi a lambunsa, ɗan uwansa kuma ya zama kayan miyan miliyoyin mutane a nahiyar Asiya. Manufar wannan rubutu ita ce mu bi sawunsa, mu ga abin da ya ɗaukaka shi a ƙasashen da ya je baƙunci, da kuma abin da ya sa yake neman fita daga gidajenmu, alhali nan ne mahaifarsa.

Kamanninsa Da Danginsa

Garahuni ɗan gidan su duma ne. Masana tsirrai sun haɗa shi zuri'a ɗaya da kabewa, guna, gurji, kankana, agushi da soso, zuri'ar da ta ƙunshi nau'o'i kusan 1,000 a faɗin duniya. Alamar 'yan wannan gida ita ce yaɗo, da kuma 'yan siraran hannuwa masu nannaɗewa waɗanda suke kama duk abin da suka taɓa. In ya sami abin hawa, garahuni yakan kai tsawon mita 4 ko 5. Ganyensa bai kai tafin hannu ba, a tsage yake gida 3 zuwa 5, da baki kamar na zarto. Furensa ruwan ɗorawa ne, kuma a jikin tushe ɗaya ake samun fure namiji da fure mace, ƙudan zuma da sauran ƙwari ne ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan.

Ɗansa bai wuce ƙwan zabuwa ba, mai tsini a ƙarshe, da ƙuraje-ƙuraje a jiki. Yakan fara kore da ɗigo-ɗigon fari, in ya nuna ya koma ruwan goro, sa'an nan ya fashe da kansa, ƙwayoyin ciki su bayyana lulluɓe da wani jan nama mai danƙo da ɗan zaƙi. Wannan jan naman ba shi da ɗacin sauran jikin tsiron, shi ya sa yara ke tsotsarsa. Tsuntsaye ma shi suke bi, su haɗiye har da ƙwayar, su je su sauka a kan wata dangar su yi kashinta. Ta haka ne garahuni yake samun gida ba tare da an shuka shi ba. Manominsa na asali tsuntsu ne, gonarsa kuwa duk inda tsuntsu ke sauka: danga, sarƙaƙiyar ƙaya, kufai da gindin itace.

Ya kamata mai karatu ya san cewa iri biyu ne suka yi kama da juna ƙwarai. Na farko, wanda ya fi jure rairayi da ƙarancin ruwa irin na ƙasarmu, shi masana ke kira Momordica balsamina. Na biyu, Momordica charantia, ya fi son wuri mai laima, ɗansa ya fi tsawo da yawan ƙuraje, kuma shi ne Yarbawa ke kira ejinrin. Domin sauƙin bayani, za mu riƙa kiran na farkon garahuni, na biyun kuma ɗan uwansa.

Dangane da asali, a shekarar 2010 wasu masana tsirrai biyu Jamusawa suka wallafa binciken da suka yi a kan ƙwayoyin halittar wannan dangi na Momordica. Daga cikin nau'o'i 59 da suka lissafa, 47 'yan Afirka ne, 12 ne kawai na Asiya da Ostareliya, kuma binciken ya nuna cewa a Afirka dangin ya samo asali. Ke nan masara, rogo, gyaɗa, barkono da tumatir da muke taƙama da su a yau duk baƙi ne da suka zo daga nahiyar Amurka bayan shekarar 1492, garahuni kuwa ɗan ƙasa ne, ya riga su zama a nan da dubban shekaru.

Zamansa A Gidan Bahaushe

A gidajen kakanninmu garahuni kayan mata ne. Su suka san inda yake fitowa, su ne kuma ke hana a tuge shi in an zo gyaran danga. Aikinsa na farko shi ne tsabta. In aka murje ɗanyen ganyensa cikin ruwa, yakan ba da yauƙi da ɗan kumfa, saboda wani sinadari da ke cikinsa mai suna safonin, wanda yake sassauta maiƙo da dauɗa kamar yadda sabulu ke yi. Da shi akan wanke hannu da jiki, akan kuma goge kayan ƙarfe irin su munduwa da tasa har su yi ƙyalli. Sabulun salo sai an tara toka, an nemi mai, an yi wahalar dafawa, ko kuwa a saya da kuɗi. Garahuni kuwa miƙa hannu kawai ake yi a tsinko.

Aikinsa na biyu a madafa yake. Akan tsinki ganyen tun yana matashi, a tafasa, a zubar da ruwan fari domin rage ɗaci, sa'an nan a haɗa shi da sauran ganyaye a miya, ko a kwaɗanta shi da ƙuli-ƙuli. Akan kuma shanya shi a ajiye domin rani. Mai jego, bayan wankan ruwan zafi da kunun kanwa, akan yi mata miyar ganye da garahuni a ciki, bisa imanin cewa yana mayar da jinin da ta zubar wajen haihuwa, yana kuma gyara nono. Jiƙonsa kuwa na cikin abin da tsofaffi ke ba mai ciwon ciki ko zazzaɓi, su kuma yi wa yaro mai ƙuraje wanka da shi.

Ba za a gane darajar irin waɗannan ganyaye ba sai an tuna da yadda shekarar manomi take tafiya. Watannin Yuli da Agusta su ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, aiki kuma ya yi tsanani. A daidai wannan lokaci ne tafasa, yaɗiya, lalo, gasaya da garahuni suke tofo, su cike wa uwargida giɓin tukunya. In kuwa shekara ta ɓaci gaba ɗaya, kamar yadda ruwa ya ɗauke a 1913 aka faɗa yunwar Kakalaba a 1914, ko farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, to, sanin abin da ake ci a daji da yadda ake kashe masa ɗaci shi ke riƙe gida har a ga sabon gero. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wannan ilimi a bakin mata yake, uwa ta koya wa 'ya, kaka ta koya wa jika. Tarihinmu da aka rubuta kuwa ya fi ƙarfi a kan sarakuna, yaƙe-yaƙe da fatauci, don haka abin da ba ya hawa jaki zuwa kasuwa, ba a kuma karɓar haraji a kansa, bai cika samun shiga takarda ba.

Yadda Ya Shiga Littattafan Turawa

Abin mamaki, a Turai ne garahuni ya fara samun masu zana shi da rubuta shi. A birnin Roma na ƙasar Italiya akwai wani gida da ake kira Villa Farnesina, wanda wani hamshaƙin mai banki, Agostino Chigi, ya gina a bakin kogi. Tsakanin 1515 da 1518 wani mai zane, Giovanni da Udine, ya ƙawata rufin wani zauren gidan da hotunan furanni da 'ya'yan itatuwa fiye da iri 150. Lokacin da masana suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, a wani bincike da aka wallafa a 2006, sai ga garahuni a cikinsu, ja da tsininsa, tare da kankana da duma. A rufin ne kuma ake ganin zanen masara, wadda a lokacin ba ta daɗe da isowa Turai ba.

A 1542 wani likita Bajamushe, Leonhart Fuchs, ya sa hotonsa a babban littafinsa na tsirran magani, sa'an nan a 1597 John Gerard ya yi bayaninsa a nasa littafin a Ingila. Turawan wancan zamani ba miya suke yi da shi ba. Sukan jiƙa nunannun 'ya'yansa a cikin man zaitun, su riƙa shafa man a kan rauni, daga nan ne ma ya sami laƙabin balsamina, wato mai man warkarwa. A 1753 masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya tabbatar masa da sunan da yake amsawa a kimiyya har yau. Kalmar Momordica kuwa daga kalmar cizo ta Latin aka samo ta, domin gefen ƙwayarsa kamar an gatsa yake. A 1810, shekara ɗaya bayan ya sauka daga mulki, shugaban Amurka na uku, Thomas Jefferson, ya shuka shi a cikin furannin gidansa na Monticello.

Sunan Hausa kuwa ya shiga littattafan kimiyya ta hannun Dokta John Dalziel, wani likita ɗan ƙasar Sikotilan da ya fara aiki a Afirka ta Yamma a 1905. Ya zauna a wurare irin su Katagum da Sakkwato, inda ya riƙa tara tsirrai yana tambayar mutane sunayensu da amfaninsu. A 1916 ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, wanda a ciki ya kawo garafuni, ya ambaci amfaninsa a miya da magani, ya kuma nuna cewa a wasu sassan ƙasar Hausa ana kiransa sabulun mata. A 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Ya kamata mu lura cewa ilimin da ke cikin waɗannan littattafai na kakanninmu ne. Abin da baƙon ya kawo shi ne alƙalami da haƙurin tambaya.

Ɗan Uwan Da Ya Yi Arziki A Waje

Tarihin ɗan uwan garahuni shi ne ya fi ba da darasi. Shi ma tushensa Afirka ne, kuma a daji ɗansa ƙarami ne mai tsananin ɗaci. Amma da ya sami kansa a Asiya sai manoma suka ɗauke shi daga daji suka kai gona. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa irin da ake nomawa a Kudancin Asiya ya rabu da na daji kimanin shekaru 6,000 da suka wuce, na Kudu Maso Gabashin Asiya kuma ya ware daga wancan kimanin shekaru 800 da suka wuce. Dabarar da suka bi ita ce wadda kakanninmu suka bi da gero da dawa: kowace shekara a ware iri daga tushen da ya fi kyau. Sannu a hankali ɗan da bai wuce yatsa ba ya kai tsawon kokwamba. A Indiya da Pakistan ana kiransa karela, ana soya shi da albasa da kayan yaji. A tsibirin Okinawa na Japan ana kiransa goya, har ma tun 1997 aka keɓe masa ranar 8 ga Mayu ta kowace shekara.

A ƙasar Sin akwai wani labari da ya shafe mu kai tsaye. Wani ɗan sarki mai suna Zhu Su, ganin yadda yunwa ke yawan afka wa talakawa, ya sa aka tattaro tsirran daji aka shuka a lambunsa, aka gwada su, aka zana su, aka rubuta yadda ake sarrafa kowanne domin ya ciwu. A 1406 aka wallafa littafin, ɗauke da tsirrai 414, kuma ɗan uwan garahuni yana cikinsu. Wato abin da kakanninmu mata suka riƙe da ka, a can an mayar da shi littafi shekaru fiye da 600 da suka wuce.

Ta yamma kuwa, tsiron ya ƙetare Tekun Atilantika a zamanin cinikin bayi. Ƙasar Barazil, wadda ta karɓi 'yan Afirka fiye da miliyan 4 kafin ta soke bauta a 1888, cikinsu har da Hausawan da suka yi bore a yankin Bahia a 1807, ta san shi da sunaye da dama. Ɗaya daga cikinsu ma'anarsa ita ce ganyen mata masu wanki, domin da shi suke fitar da dauɗa daga tufafi. Dubi yadda sabulun mata na ƙasar Hausa ya sami takwara a bayan teku. A Jamaika kuma har yanzu ana shan shayin ganyensa, wanda suke kira cerasee.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ɗan uwan ne kaɗai ya iya shiga kasuwa. A kudancin Mozambik, garahuni irin namu sak, wanda suke kira cacana, kayan miya ne na yau da kullum. Ana sayar da shi a kasuwannin Maputo, ana dafa shi da gyaɗa da rogo, kuma ɗacin nan da muke gudu shi ne abin da suke nema.

Abin Da Ya Raba Mu Da Shi

Babu wanda ya tashi rana ɗaya ya kori garahuni daga gida. Ayyukansa ne aka riƙa karɓewa ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, kuɗi suka shiga hannun manoma, kantuna suka cika da kayan Turai. Cikin shekarun 1920 kamfanin Lever Brothers ya fara yin sabulun sanda a Apapa, a 1960 kuma Omo ya shigo kasuwa. Sabulun kanti ya fi kumfa, ya fi ƙamshi, ana kuma samunsa rani da damina, don haka babu laifin macen da ta zaɓe shi. Binciken aikin gona da aka fara a Samaru tun 1922 ya mayar da hankali ne ga auduga, gyaɗa da hatsi, waɗanda su ne ke kawo kuɗi da cika rumbu. Ganyen da ke fitowa da kansa a bayan ɗaki bai sami mai ware masa iri ba.

Daga baya sai aka karɓe masa wurin zama. Katangar bulo ta maye gurbin danga, daɓen siminti ya rufe tsakar gida, kuma mu da ke birane muna cikin masu aiko da kuɗin wannan gini, da kyakkyawar niyya. Sai dai yaɗo ba ya iya kama sumul ɗin bango, ƙwayar da tsuntsu ya yar kuma ba ta tsira a kan siminti. A gona ma, tun daga shekarun 2000 maganin feshi na kashe ciyawa ya yaɗu saboda tsadar 'yan ƙwadago. Fartanya tana da ido, domin mai riƙe da ita ya san abin da zai bari. Feshi kuwa bai san tafasa ba, bai san garahuni ba, duk abin da ya yi kore a gefen kunya ciyawa ce a wurinsa.

Tsiron kansa bai ƙare ba, yana nan a daji da bakin fadama, daga Senegal har Afirka ta Kudu. Abin da ke ƙarewa shi ne masu saninsa. Duk tsohuwar da ta rasu ba a tambaye ta ba, ta tafi da sanin wane ganye ake tsinka, sau nawa ake zubar da ruwa, da wanda bai kamata a ba shi ba.

Abin Da Masana Suka Gano

A 2006 wasu masana biyu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato suka auna ganyen garahuni, suka same shi da sinadarin gina jiki da ma'adanai masu amfani, abin da ya ƙarfafa matsayinsa na kayan miya. Batun magani kuwa yana buƙatar taka-tsantsan. A kantunan birane yanzu akan ga shayi da ƙwayoyin da aka sarrafa daga ɗan uwan garahuni, an shigo da su daga Asiya ana tallarsu ga masu ciwon sukari. To, a 2012 cibiyar Cochrane, wadda ke tace binciken likitanci, ta duba gwaje-gwaje 4 da aka yi a kan mutum 479, ta ce hujjar da aka samu ba ta isa a dogara da shi wajen maganin wannan ciwo ba. Saboda haka kada kowa ya ajiye maganin asibiti saboda ganye. Mai shan maganin sukari ya nemi shawarar likita kafin ya haɗa, domin sukarin na iya faɗuwa ƙasa da kima. Mai juna biyu da ƙananan yara kuwa su nisanci jiƙonsa mai ƙarfi.

Kammalawa

Daga wannan tarihi za mu ga cewa bambancin garahuni da ɗan uwansa na Asiya bambancin kulawa ne. Wancan an ware masa iri, an ba shi kunya a gona, an rubuta shi a littafi. Namu kuwa ya rayu dubban shekaru a kan alfarmar tsuntsu, danga da tsohuwa. Dangar ta faɗi, tsofaffin suna tafiya, saura tsuntsu kaɗai, shi ma ba shi da wurin sauka.

Abin da ya rage a hannunmu ba mai wuya ba ne. Duk wanda ya je gida da sallah ko biki, ya zauna da gwaggo, inna ko kaka, ya tambaye ta ganyayen da ta sani da yadda ake sarrafa su, ya rubuta ko ya naɗa a wayarsa da sunayensu na gida. Wanda ya je da kaka kuwa ya nemi nunannun 'ya'yan garahuni, ya wanke jan naman, ya shanya ƙwayoyin a inuwa. In ruwa ya sauka, ya shuka uku ko huɗu a gindin katanga ko cikin tsohon bokiti, ya ɗaura masa igiya ko waya domin ya sami abin hawa. Kafin damina ta fita zai yi fure ya yi 'ya'ya, yaran gidan su ga yadda yake fashewa, su ji sunansa daga bakin iyayensu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an sami wanda ya adana ta.